Babur Ɗin Baba da Aka Rage wa Tsayi

Ranar wata Lahadi da hantsi, a farkon damina, a shekarar da na kai izu goma a makarantar allo, na tsaya a bakin wata rumfar gyaran babur a Sharada ina kallon ana saka wa babur ɗin mahaifina zarto. An yi ruwa da asuba, ƙasar wurin ta cakuɗe da baƙin mai ta zama taɓo mai santsi, ƙarar injinan wani kamfanin roba kuma tana tsallako katanga tana cika kunne. Bakaniken, wani kakkauran mutum da ake kira Oga Ɗanlami, ya kwance shokazoba biyun nan na baya, wato ƙarafa masu sifirin da ke ɗauke da nauyin mai hawa, ya shimfiɗe su a kan wani gungume. Sai da ya ɗora zarton sannan ya ɗago kai ya dubi Baba tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Malam, ni fa ban gane ba. Masu zuwa a rage musu tsayi gajeru ne. Kai kuwa ko raƙumi ka hau, ai ƙafarka sai ta sharo ƙasa. Ko dai babur ɗin ba naka ba ne, ana so a sauya masa kama?" Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce, "Nawa ne. Yi aikinka, Oga."

Oga Ɗanlami ya yi aikinsa, amma yana yi yana satar kallonmu. Ya datse wani abu daga jikin kowane sifirin, ya rage tsawon sandar da ke cikinsa, ya kai wa mai walda na kusa aka mayar da kunnen da ake ɗaurewa. Ya sassauta notunan gaba ya zura ƙarafan tayar gaba sama kamar faɗin yatsu biyu, don kada babur ɗin ya ɗaga kai kamar jakin da ya ƙi tafiya. Ya cire rigar sit ya fere soson ciki da wuƙa. Daga ƙarshe ya datse ƙarfen da ake kafe babur da shi, domin in an bar shi da tsawonsa na da, babur ɗin zai tsaya ƙiƙam, iska ma ta kayar da shi. Da ya gama ɗaurewa sai ya ja da baya ya ce, "To ga shi nan ya durƙusa. Zai riƙa dukan ƙugu a rami, salansa za ta riƙa karce ƙasa, kuma ko babu kowa a kai za a ga kamar an ɗora masa buhu. Kada ka dawo ka ce ni na kashe maka shi." Baba bai hau ba. Ya juyo ya ce da ni, "Sabi'u, hau mu gani." Na hau. Tafukan ƙafafuna biyu suka sauka a ƙasa daram. Baba ya sunkuya ya shafa idon sawuna da hannu har ya taɓo taɓon da ke ƙarƙashin silifas ɗina, sannan ya miƙe ya ce ya yi.

Sai wanda ya san matsayin babur ɗin nan a gidanmu ne zai gane abin da ya sa murnata ta kasa zama a cikina. Mahaifina Malam Haladu, wanda abokan aikinsa ke kira Dogo, yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa tun kafin a haife ni, a sashen da ake fito da jiƙaƙƙun fatu daga manyan ganguna ana shimfiɗa su. Gidanmu yana gefen Panshekara, gidan ƙasa mai ɗaki uku da turken awaki da bishiyar zogale a bayan madafi. Muna da 'yar gona a kusa da kogi, amma abin da take bayarwa ba ya kai mu rani. Aikin kamfanin nan shi ne tuwonmu da sabulunmu, shi ne kuma maganin kakata. Babur ɗin kuwa, in ban da Alƙur'aninsa, babu abin da Baba yake tattali kamarsa. A zaure yake kwana, lulluɓe da tsohon zanen Inna, mahaifiyata. Aikina ne in goge shi kowace safiya kafin in tafi yankan ciyawar awaki, amma da tsumma kawai, ba a yarda in ɗora ko gwiwa a kan sit ba. Ƙanena ya taɓa murza totur ɗinsa yana kafe, ranar ya kwana da zanen tsumagiya a cinya. Abin da Baba ya saba faɗa shi ne, "Wannan ba dokin kara ba ne, ƙafata ce." To mutumin da ya faɗi haka, yau shi ne ya sa aka datse ƙafar tasa daidai tsawon tawa. Kuma ga bakanike a bakin layinmu wanda suke sallah sahu ɗaya, amma ya tsallake shi ya tafi har Sharada inda babu wanda ya san mu. A hanyar zuwa ma tafiya ya yi kamar mai rakiyar gawa, yana ce mini, "Riƙa faɗa mini duk abin da ka hango, ina so in gwada ko kana da lura." Na yi ta faɗa, ga amalanke, ga rami, ga mai keke, ina jin kaina wani babba.

Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce a Challawa. Kamfanoni suna rage ma'aikata, kuma ba sa neman babban dalili. Wanda ya yi jinyar sati biyu ya dawo ya tarar an ba wani wurinsa, wanda tari ya kama aka ce ya je gida ya huta. Kullum da yamma maza suna zaune a dakalin masallaci suna lissafa waɗanda aka sallama. Ko mu yara mun san haka, domin a filin langa da ƙwallon tsumma muna ganin waɗanda aka daina ba su kuɗin kashewa. Saboda haka da muka dawo gida Baba ya ce kada in faɗa wa kowa inda muka je, na ɗauka wani abu ne da ya shafi aiki, na yi shiru. Inna ta fito zaure ta ga babur ɗin ya tsuguna, ta tambaya, Baba ya ce sifirin ne ya gaji. Ta dubi sabuwar waldar da ko fenti ba a shafa mata ba, ta dube ni, ta koma ciki tana ɗaura zane. Ban taɓa ganin ta tanka wa Baba a gabanmu ba, amma a yadda ta buga murfin tukunya ranar na san maganar ba ta shige ta ba.

A wani fili bayan gari, inda Fulani suke sauka da rani, Baba ya koya mini tuƙi. Bayan la'asar muke zuwa, mu tura babur ɗin ta bayan gidaje. Ya koya mini buga kik, da sakin kulochi a hankali, da sauya giya da jin kukan inji. Duk da kunne yake koyarwa. Yana tsaye can nesa zai ce na matsa wa injin, in ƙara giya. Na faɗi a cikin ƙarangiya, na ƙone ƙwaurina da salansa, Inna ta shafa mini man kaɗanya ba ta tambayi komai ba. Kafin gero ya kai gwiwa na iya, har ina ɗaukarsa a baya, dogayen ƙafafunsa sun tanƙware gwiwoyinsa suna zungurar haƙarƙarina. Daga nan ya shimfiɗa mini yadda za mu riƙa yi. Da sassafe za mu fita ta bayan gari, ni ke tuƙi, har zuwa wata kwalbati da ke ƙarƙashin wata babbar darbejiya, kafin a karya kwanar ƙofar kamfani. A nan zan sauka, shi ya karɓa ya ƙarasa ciki, ni kuma in dawo gida a ƙasa. In lokacin tashi ya yi in koma kwalbatin in jira shi. Na kan laɓe a bayan bishiyar in ga yadda yake ƙarasawa: a giya ɗaya, ƙafafunsa biyu suna jan ƙasa, yana bin jikin katanga kamar wanda yake ɗauke da ƙwai.

Akwai wanda wannan tsari ya taɓa, shi ne maƙwabcinmu Malam Iro. Kamfani ɗaya suke aiki da Baba, kuma shekara da shekaru a bayan babur ɗin yake zuwa yake dawowa. Rana ɗaya Baba ya ce masa babur ya samu matsala, ba ya ɗaukar mutum biyu. Malam Iro ya koma hawa tsohon kekensa, sai ga shi wata safiya ya gan mu mu biyu a kai, ni a gaba. Daga ranar gaisuwarsa ta gajarce. Ɗansa Ɗan'asabe, wanda muke zuwa kamun fara da wankan kogi tare, shi ya kawo mini abin da ake faɗa a gidansu. Muna cikin wasan gare-gare ya taka tayata da ƙafa ya ce, "Direban Alhaji, yau fata nawa aka fitar? Babanmu ya ce babur ba ya durƙusawa a banza." Na kai masa naushi, muka yi birgima a cikin kwata, aka raba mu. Amma maganar ta bi ni har gida.

Ashe akwai yadda masu gadin ƙofa suke gane babur mai ɗauke da kayan sata, kuma duk ma'aikacin Challawa ya san da shi. Ba za su iya caje kowa a lokacin tashi ba, mutane suna fitowa kamar an buɗe dam. Sai su tsaya a gefe suna duban tazarar da ke tsakanin tayar baya da murfinta. Babur ɗin da babu komai a cikinsa yana tafiya a miƙe, ana hango haske ta wannan tazarar. Wanda aka cusa wa jemammun fatu a ƙarƙashin sit, ko mai shi ya naɗe su a jikinsa a ƙarƙashin riga, sai ya zauna a kan tayarsa, mai shi kuma ya riƙa lallaɓawa. A daidai lokacin kuwa fatu suna ɓacewa a sito. To ga dogon mutum a kan babur ɗin da ya zauna ƙasa, yana fitowa a hankali yana jan ƙafa, ba ya duban kowa a ido, in ya karya kwana kuma wani yaro yana jiransa a ƙarƙashin bishiya su bi ta bayan gari. Ko ni da na jera waɗannan abubuwa a raina, sai zargi ya shige ni.

Na fara sa wa mahaifina ido. Abu ne mai nauyi ga yaro, domin ko a makaranta ina riƙe da allo hankalina yana kan ƙullin tsumman da yake fitowa da shi kullum. Na kwance ƙullin ranar da ya shiga wanka, kwanon abincinsa ne kawai da ragowar ƙanzo. Wata safiya ina goge babur ɗin na ɗaga sit, na tarar da sifana da tsohon fulogi da tsumman mai. Wari ba zai zama shaida ba, domin warin jima ya riga ya kama Baba, da rigarsa da tabarmarsa da gashin gemunsa, har mu ma a makaranta ana ce mana 'yan gidan fata. Rashin samun komai bai wanke zuciyata ba. Na ce ko a jikinsa yake naɗewa. In muna dawowa na kan ɗan jingina baya da gangan in ji ko ƙirjinsa ya yi tauri. Ban ji komai ba sai ƙashi da zufa. Sai na koma tunanin ko ba kullum ake fitarwa ba, ko kuma ni ake shiryawa don ranar da za a fitar da mai yawa, in an kama a ce yaro ne. Na kan dube shi yana jan carbi bayan sallah in rasa wanda nake kallo.

Inna ce ta warware abin, kuma ba da tambaya ba. Baba yana da wata shuɗiyar butar roba da take zama a gindin turmi, a nan yake ɗaukarta duk lokacin alwala. Wata Juma'a da rana tsaka, Baba bai je aiki ba, Inna ta ɗauke butar ta ajiye ta a tsakiyar tsakar gida, a fili, inda ko kaza ta gan ta. Ta zauna a bakin madafi tana tsince shinkafa, ta yi mini alama da ido in zauna. Baba ya fito daga ɗaki, ya nufi turmi kai tsaye, ya sunkuya ya damƙi iska. Ya shafa gefen turmin, ya shafa bayansa. Ya miƙe ya juya, fuskarsa ta bi ta kan butar ta wuce. Ya ce, "Wa ya ɗauke mini buta?" Inna ta ajiye faifan, ta tashi ta ɗauko ta saka masa a hannu, ta riƙe hannun na ɗan lokaci. Ta ce, "Malam, tun yaushe?" Ya ce, "Tun kafin azumi." Ta ce, "Ni kuwa har na fara zargin abin da ya fi wannan muni." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma ka kama bakinka, ka ji ko?"

Washegari a gona, muna cire ciyawa a kunyar gyaɗa, Baba ya yi mini bayani a taƙaice. Ciwon yanar ido ne ya rufe masa idanu, na dama ya fi tsanani. Abin da ke kusa da hannunsa yana ganin alamarsa, na nesa kuwa kamar ana kallo ta cikin kunun kanwa. Ya ce, "Cikin kamfani na san shi kamar ɗakina, kuma fata da hannu ake kama ta. Hanya ce ta gagare ni. In suka sani, ranar za su ce in tafi gida." Na ji kunya ta lulluɓe ni, na ji kuma wani sauƙi, har na riƙa cire ciyawa da gyaɗar gaba ɗaya. Amma sauƙin bai daɗe ba, domin zargin da na sauke daga kan Baba sai ya bazu a kan kowa. Mai shayin bakin kwalbati in ya ce mini sannu, sai in ce me ya gani. In almajiran malaminmu suka yi raɗa a makaranta, sai in ɗauka da mu suke. Malam Iro ya ɗaga wa Baba hannu daga tsallaken titi, Baba bai gani ba bai amsa ba, na ga Malam Iro ya tsaya da hannunsa a sama yana bin mu da kallo. Daga ranar na koyi yi wa Baba raɗa in na hango wanda ya sani, in ce ga wane a dama, shi kuma ya ɗaga murya ya yi gaisuwa kamar shi ya fara gani. Shugaban masu gadi, wani tsohon soja da ake kira Sajan, ya taɓa takowa har kwalbatin yana sakace, ya tambaye ni ɗan wane ne ni, me nake jira. Na ce iska nake sha. Ya ce, "Iskar jima? Lallai kana da hanci."

Gero ya fara fitar da kai ranar da abin ya fashe. Na jira a kwalbati har masu tashi suka gama wucewa, Malam Iro ya wuce a kekensa bai dube ni ba, Baba bai fito ba. Na matsa kusa da ƙofa don in leƙa, sai na ji an damƙi wuyan rigata, wani mai gadi yana cewa, "Ga ɗan karɓar kayan ya kawo kansa." Ya ja ni ciki. A filin bakin ƙofa na ga babur ɗinmu an yi masa tsirara. Sit a ƙasa, an farke rigarsa, murafen gefe a warwatse, wani yana zura kara a cikin tanki. Baba yana tsaye da singileti, babbar rigarsa a hannun wani, hularsa a ƙasa. Ma'aikatan da za su karɓi aikin yamma sun yi da'ira. Akwai wani jami'in kula da ma'aikata mai farar riga, yana tsaye ya harɗe hannu. Ba a samu ko ƙyallen fata ba. Sajan ya zagaya babur ɗin, ya tsuguna ya ƙanƙara waldar da farce, ya ce, "Dogo, yau ba mu samu ba, na yarda. Amma wannan aikin da gangan aka yi shi. Ko dai an yi ne don idonmu ya saba da ganinsa a ƙasa, ranar da aka loda masa kaya mu ce ai haka yake. In ba haka ba, faɗa mana. Mutum kamar falwaya, me zai yi da babur ɗin yara?" Baba ya ce ra'ayinsa ne. Jami'in ya ce ra'ayi ba amsa ba ce, fatu suna ɓata, in ba zai yi bayani ba za a kira 'yan sanda su tafi da shi da yaron, can za su yi bayanin.

Na ga Baba ya juya kansa yana neman inda nake. Bai same ni ba sai da na yi tari. Ya daɗe yana fuskantar wajen, sannan ya juya ga jami'in ya ce, "Ranka ya daɗe, a saki yaron. Babur ɗin saboda shi aka rage, don ƙafarsa ta kai ƙasa. Shi yake kawo ni, shi yake mayar da ni. Idona ne ya tafi." Wani a cikin taron ya yi 'yar dariya ya ce dabara ce. Sajan ya ja da baya kaɗan, ya ciro wani abu daga aljihu ya ɗaga, ya ce Baba ya faɗi mene ne. Tocila ce, kowa yana ganinta. Baba ya ce, "Na ga mutum a tsaye. Abin da ke hannunsa Allah ne ya sani." Sajan ya jefo tocilar a hankali ta gefen fuskarsa, ta wuce dab da kunnensa ta faɗi a yashi, Baba bai ko ƙifta ba sai da ya ji faɗuwarta.  Jami'in ya sauke hannunsa, ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya ji tausayi, amma kamfani ba zai bar wanda ba ya gani a kusa da ganguna masu juyawa ba, gobe ya zo a sallame shi. Baba ya ce ya gode, sai dai yana roƙon abu ɗaya, a faɗa a gaban mutanen nan ko an same shi da kayan kowa. Jami'in ya ce ba a same shi da komai ba. Baba ya ce, "A ƙara faɗa, na baya ba su ji ba." Ya ƙara faɗa da ƙarfi.

Sajan da kansa ya tsuguna ya taya ni mayar da murafen, ya ɗaure sit ɗin da aka farke da igiya. Ya ɗauko hular Baba ya kaɗe ya miƙa masa, ya ce, "Dogo, ai da ka faɗa mini tun farko." Baba ya ce, "Da na faɗa maka, Sajan, da ya zama aikinka ka faɗa musu." Ranar daga bakin ƙofar na tayar da babur, Baba ya hau baya a gaban kowa, muka bi babban titi maimakon bayan gari, salansa tana karce ƙasa a kowane rami. Duk wanda ya yi mana sallama Baba ya amsa, ya kuma tambaya wane ne, ba tare da ya jira raɗata ba.

Aikin ya tafi, kuma gidanmu ya ji a jikinsa. Aka sayar da awaki, Inna ta fara dafa wake da shinkafa ana kai wa masu aikin kamfani, ni kuma na koma ɗauko alayyafo da tumatir daga masu lambun bakin kogi ina kai wa 'yan kasuwa a kan babur ɗin. Makarantar boko da ma ban daɗe da shiga ba, tun da aka fara kai Baba aiki nake zuwa a makare, sai ta ƙare a nan, sai da furfura ta fara fito mini na koma ajin manya. Bayan wasu shekaru aka yi wa Baba aikin ido ɗaya, ya koma ganin hanyar masallaci da fuskokin jikokinsa. Malam Iro ya shigo gaisuwa a daren da aka sallami Baba, ya zauna a zaure yana ta jan tsaki yana cewa da ya sani. Ko shi ya kai maganar bakin ƙofa, ko idon Sajan ne kawai, har suka rasu dukansu ban sani ba. Baba ya hana a tambaya, ni kuma na daɗe ina gaishe shi da rabin baki.

Yanzu in na bi ta Challawa zuwa wurin aikina a Bompai, sai in ga wasu ƙofofin an garƙame su ciyawa ta cinye bakinsu, waɗanda ke aiki kuma an kafa musu kyamara, babu mai tsugunawa ya duba tayar kowa. Samari suna rage wa baburansu tsayi don ado, gajeren shokazoba ana sayar da shi a shago, a ɗaura maka kana tsaye, babu mai tambayar dalili. Na kan ji kewar lokacin da mutane suka san juna har suna lura da tazarar tayar maƙwabci, ko da yake wannan sanin ne ya kusa kai mu ofishin 'yan sanda. Lokacin da na nemi aure, dangin matata suka aiko bincike Panshekara kamar yadda aka saba. Daga baya surukina ya gaya mini cewa dattijon farko da suka tambaya a dakalin masallaci bai bari sun gama ba, ya ce, "Ɗan Dogo? Wanda aka kwance babur ɗinsa a bainar jama'a ba a samu ko zare ba? Ku ba shi." Ba su tambayi mutum na biyu ba.

Baba bai bar mana gida a birni ba, amma da wannan maganar aka ba ni uwar 'ya'yana.